Shekarar ɗumame: yadda jadawalin gidajen talabijin na Amurka ya juye a 2023

A daren Lahadi, 17 ga Satumba 2023, tashar CBS ta ajiye wa masu kallonta ɗumame. Tsakiyar Satumba a wurin gidajen talabijin na Amurka kaka ce ta gaske, lokacin da ake ɗebo sabon amfani daga rumbu, kowace tasha ta baje sababbin wasannin kwaikwayonta. Amma a wannan daren, da aka gama shirin labarai na 60 Minutes, sai aka saka kashin farko na Yellowstone, wasan makiyayan jihar Montana wanda Kevin Costner ke jagoranta, wanda kuma tun 2018 aka riga aka nuna shi a wata tashar kebul. Abin da aka yi masa kawai shi ne tsince ashar da wuraren da ba sa nunuwa a tashar kowa da kowa. Mutum sama da miliyan 6 suka zauna suka kalla.

Wannan adadin ne ya tsaya mini a rai fiye da duk hayaniyar shekarar. Tasha ba ta ɗauki marubuci ba, ba ta kafa kyamara ba, ta ɗauko tuwon shekara biyar ta ɗumama, kuma aka cinye aka suɗe kwano. Duk wani akanta da ke zaune a ofishin tashar ya ga darasin da ke ciki.

Sai an san kalandarsu kafin a gane abin da ya kawo haka. Manyan tashoshin da ake kamawa kyauta da eriya, wato ABC da CBS da NBC da Fox, suna tafiya ne kamar manomi. A watan Mayu sukan tara manyan masu talla a birnin New York, su nuna musu jadawalin shekara mai zuwa, su sayar da mafi yawan guraben talla tun kafin a ɗauki ko fitowa ɗaya. A Mayu da Yuni marubuta ke shiga ɗaki su tsara labari, a Yuli a fara ɗauka, a Satumba a fara haskawa, a ja zango mai kashi 22 ko kusa da haka har Mayu ya zagayo. To, ƙungiyar marubutan fim da talabijin, WGA, mai mambobi kusan 11,500, ta ajiye alƙalami ta shiga yajin aiki ne ranar 2 ga Mayu. Daidai saukar ruwan shuka ke nan. Wanda bai yi shuka da damina ba kuwa ya san abin da zai tarar da kaka.

Shirye-shiryen barkwancin tsakar dare ne suka fara mutuwa, a daren farko ma, domin su kullum ake dafa su da labaran ranar. Jimmy Fallon da Stephen Colbert da Jimmy Kimmel da Seth Meyers duk suka koma maimaici. Ni ma ta nan na fara ji a jikina, don na saba da safe in buɗe YouTube ina shan shayi in ga yadda suka yi wa 'yan siyasarsu tsiya a daren jiya. Sai na wayi gari shiru, sati ɗaya, wata ɗaya, har wata biyar. A ƙarshen Agusta su huɗun suka haɗu da John Oliver suka buɗe shirin hira na murya a intanet mai suna Strike Force Five, kuɗin da aka samu kuma aka raba wa ma'aikatansu da ke zaune ba albashi. Ranar 14 ga Yuli 'yan wasan kwaikwayo ma suka bi sahu, ƙungiyar SAG-AFTRA mai mutum kusan 160,000 a ƙarƙashin Fran Drescher. Rabon da ƙungiyoyin biyu su shiga yajin aiki lokaci guda tun 1960, zamanin da Ronald Reagan ke shugabancin 'yan wasa, kafin ya san zai zama shugaban ƙasa.

Me suke nema? Babban abin shi ne kuɗin maimaici. A tsarin da suka gada, duk lokacin da aka sake nuna wasan da ka rubuta ko ka fito a ciki, ko aka sayar wa wata tasha, ko aka kai shi ƙasar waje, akwai ɗan abin da zai shigo maka. Wannan kuɗin ke riƙe ɗan wasa a watannin da ba aiki, shi ke biyan haya da kuɗin makaranta. Mai karatu da ya san harkar fim a Kano zai yi murmushi, domin a nan in an sallame ka a wurin ɗauka, to kun rabu ke nan, ko da za a shekara goma ana haska fuskarka. A can kuwa haƙƙi ne da aka yi yaƙi a kansa tun zamanin kakanni. Da manhajojin kallo ta intanet suka zo, sai lissafin ya sauya: suna biyan kuɗi ƙayyadadde, ko mutum dubu ne suka kalla ko miliyan ɗari, sannan ba sa faɗa wa kowa adadin masu kallon. Ana tsakiyar yajin aikin sai ga misali ya kawo kansa. Suits, wasan lauyoyi da aka yi tsakanin 2011 da 2019, wanda Meghan Markle ta fito a ciki kafin ta auri Yarima Harry, ya hau Netflix a watan Yuni ya zama abin da aka fi kallo a ƙasar, har kamfanin ƙidayar masu kallo na Nielsen ya lissafa masa minti biliyan 57.7 a shekarar. Marubutansa suka fito suna nuna 'yan canjin da suka samu, abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai batun tsawon aiki. Zango mai kashi 22 yana riƙe marubuci kusan shekara. Na manhajoji kashi 8 ne ko 10, a tara mutum uku ko huɗu na 'yan makonni su zana labarin, a sallame su tun kafin a fara ɗauka. Matashin marubuci ba ya ma taka wurin ɗaukar balle ya koyi yadda ake tafiyar da shiri. Na uku shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda ChatGPT ya sa ta zama maganar kowa 'yan watanni kafin nan. Marubuta na tsoron a ba na'ura ta yi zubin farko a kira su gyara da rabin kuɗi, 'yan wasa kuma, musamman masu cika fage da ba sa magana, na tsoron a ɗauki surarsu sau ɗaya a yi ta amfani da ita har abada.

Duk wannan gaskiya ne, amma a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya ɗora wa yajin aiki alhakin duk sauye-sauyen 2023 bai duba kwanan wata ba. An fara yanka tun kafin a ɗaga kwali ko ɗaya.

Ranar 1 ga Mayu, jajibirin yajin aikin, aka sanar cewa Fox ta saki 9-1-1, wasan kwaikwayon da ya fi kowane jan jama'a a tasharta, ya koma ABC, tashar kamfanin Disney. Wa ke sakin saniyar da ta fi ba da nono? Wanda ba tasa ba ce. Kamfanin da ke shirya wasan mallakar Disney ne, Fox haya kawai take biya mai tsada, ribar sayar da shi gaba kuma ta mai shi ce. A CBS, 'yan wasan Blue Bloods sun yarda an zaftare musu kashi 25 cikin ɗari na albashi don a bar su su ƙara zango. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Bob Hearts Abishola, wasan barkwancin da ke ba da labarin Ba'amurke mai sana'ar safa da ya faɗa soyayyar wata nas 'yar Najeriya a Detroit. Cikin manyan 'yan wasansa 13, an sauke 11 zuwa matsayin masu leƙowa jefi-jefi, aka bar Billy Gardell da Folake Olowofoyeku kaɗai da cikakken kwantiragi. Wasa ne da daɗinsa ke cikin taron dangi, gwaggo da kawu da ƙawaye kowa na tsoma baki, sai aka ce a yi biki amma kowa ya zo da ranarsa. A watan Nuwamba aka sanar cewa zango na biyar shi ne na ƙarshe.

Haka James Corden ya yi sallama da The Late Late Show ranar 27 ga Afrilu, CBS kuma ba ta naɗa magaji ba. Ta rufe shirin ɗungurum bayan shekara 28, ta maye gurbinsa a Janairun 2024 da wasan kacici-kacici na raha mai arha, After Midnight. Ita kuwa The CW, ƙaramar tashar da ta yi suna da wasannin matasa da jarumai masu tashi sama, tun Oktoban 2022 kamfanin Nexstar ya sayi kashi 75 cikin ɗari nata, ya kuma faɗa ba kunya cewa ya gaji da asara. The Flash ya ƙare a Mayu, Riverdale a Agusta, aka share kusan duk sauran. Aka cike gurbin da wasannin da aka sayo da araha daga Kanada, da gasar golf ta LIV wadda kuɗin Saudiyya ke ɗauke da ita, da ƙwallon jami'o'i.

Ina kuɗin ya tafi? Shekara da shekaru abin da ke ciyar da talabijin a Amurka shi ne ƙunshin kebul, irin dai na DStv da muka sani: ka biya kuɗin wata a ba ka tashoshi ɗari biyu, kana kallon goma. Kowace tasha tana da kasonta a cikin kuɗin nan, ko ka taɓa buɗe ta ko ba ka taɓa ba. Tsohuwar da ba ta san yadda ake buga ƙwallo ba a 2023 tana biyan ESPN, tashar wasanni ta Disney, dala 9 da wani abu duk wata ba ta sani ba. A 2011 gidaje kusan miliyan 100 ke biyan wannan kuɗin na ESPN, zuwa 2023 sun sauko kusa da miliyan 70. Kamfanonin da kansu suka taimaka wajen fasa tulun, don kowa ya ga Netflix na tashe sai ya gina tasa manhajar, ya kwashe kyawawan shirye-shiryensa ya kai can, ya sayar da su a farashin da bai kai kuɗin dafawa ba. Disney ta yi asarar kusan dala biliyan 4 a wannan ɓangaren a shekarar kuɗinta ta 2022. Masu hannun jari sun yi haƙuri muddin masu rajista na ƙaruwa. A Afrilun 2022 Netflix ta ce ta rasa masu rajista 200,000, karo na farko cikin shekara goma, hannun jarinta ya faɗi da kusan kashi 35 cikin ɗari a yini guda, daga ranar kuma waƙar ta sauya daga "a tara jama'a" zuwa "a nuna riba". Shi ya sa a 2023 Disney ta sallami ma'aikata 7,000, ta kuma sauke shirye-shirye da dama daga manhajojinta na Disney+ da Hulu a watan Mayu don rage kashe kuɗi, har da waɗanda ba su yi shekara da fitowa ba. Ranar 23 ga Mayu manhajar HBO Max ta sauya suna zuwa Max, a ranar ce kuma Netflix ta fara hana Amurkawa ba 'yan uwa aron lambar sirri.

Saboda haka da yajin aiki ya zo, ga wasu shugabannin kamfanonin faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Watanni ba a ɗaukar komai na nufin watanni ba a kashe komai. Bob Iger, shugaban Disney a lokacin, ya zauna gaban kyamarar tashar CNBC a watan Yuli, daga wani taron attajirai a Sun Valley, ya ce buƙatun masu yajin ba su dace da zahiri ba, maganar da ta ƙara wa wutar fetur. A hirar ce kuma ya faɗi abin da ya fi wannan nauyi amma bai samu amo kamarsa ba, cewa mai yiwuwa tashoshin gargajiya irin su ABC ba sa cikin ƙashin bayan kamfanin. Mai gida ne ke cewa ɗakin nan ana iya sayar da shi.

Jadawalin kakar ya fito kamar girkin ƙarshen wata. ABC ba ta da sabon wasan kwaikwayo ko ɗaya. Ta dawo da gasar rawa ta Dancing with the Stars, wadda shekara ɗaya kacal da ta wuce aka ɗauke aka kai Disney+ da sunan ci gaba. Ta jera wasannin kacici-kacici na fitattun mutane. Ta karɓi ƙarin wasanni 10 na ƙwallon Amurka na daren Litinin daga 'yar uwarta ESPN, suna nunawa tare. Sannan ta fito da The Golden Bachelor, shirin neman aure da aka saba yi da samari masu ji da ƙirji, amma wannan karon angon dattijo ne ɗan shekara 72, Gerry Turner, wanda matarsa ta rasu, mata 22 masu shekara 60 zuwa 75 kuma suna takara a kansa. Mutane suka yi dariya da farko, daga baya shirin ya zama abin da ya fi tashe a kakar. Ban ga abin mamaki ba. Waɗanda suka rage gaban akwatin talabijin da ƙarfe takwas na dare sa'o'in Gerry ne, tashar dai ta gaji da yi wa kanta ƙarya ta dafa wa waɗanda ke zaune a tabarmar. (An ɗaura auren kai-tsaye a talabijin a Janairu, zuwa Afrilu an rabu. Wannan kuma wani zancen ne.)

CBS, ban da Yellowstone, ta ja Survivor da The Amazing Race zuwa minti 90 kowanne don su cinye daren Laraba su biyu, ta ɗauko ainihin Ghosts na Ingila, wasan barkwancin da ta kwaikwaya ta yi nata, ta kawo NCIS: Sydney wanda aka yi don 'yan Ostareliya. Fox ta fi kowa kwanciyar hankali, domin zanen barkwancinta irin The Simpsons ana gama shi da wuri, ga kuma shahararren mai girki Gordon Ramsay da aka tayar wa shirinsa na Kitchen Nightmares bayan kusan shekara goma a kwance. NBC ta yi dabarar ɓoye 'yan wasannin da aka gama ɗauka kafin rikici, ta riƙa fitar da su da cokali.

Ana wata sai ga wata. Da yammacin 31 ga Agusta, ana tsakiyar gasar tanis ta US Open, ana kuma shirin take wasan ƙwallon jami'o'in Utah da Florida, sai allon ESPN ya ɗauke a gidaje kusan miliyan 15 masu amfani da kebul ɗin Spectrum na kamfanin Charter. Rigimar farashi tsakanin mai tasha da mai kebul ba sabon abu ba ce, amma wannan ta bambanta. Charter, wanda ke biyan Disney kusan dala biliyan 2.2 a shekara, ya ce ya gaji da biyan kuɗin tashoshin da aka kwashe naman aka bar masa romo, kuma in ta kama ya bar sana'ar talabijin gaba ɗaya ya tsaya a sayar da intanet, zai bari. Aka kwana goma sha ɗaya ana jan igiya. An sasanta ranar 11 ga Satumba, sa'o'i kaɗan kafin wasan ƙwallon Amurka na farko na daren Litinin tsakanin Jets da Bills, kuma kowa ya san wasan ne ya tilasta sulhun. Abin da aka cimma ya nuna inda aka dosa: Charter ya samu damar haɗa wa masu biyansa Disney+ a cikin ƙunshi, ya kuma watsar da tashoshi takwas, ciki har da Freeform da Disney Junior da FXX da Nat Geo Wild. Tashoshin da aka ƙirƙira don kawai su ƙara kaso a kuɗin wata sun fara zubewa ke nan.

A watan Yulin shekarar, a karon farko tun da Nielsen ya fara wannan awon, tashoshin eriya da na kebul a haɗe suka gaza kai rabin lokacin da Amurkawa ke ɓatawa gaban talabijin: eriya kashi 20, kebul 29.6, manhajoji 38.7. Abu ɗaya ne ya hana rufin ruftawa. Cikin shirye-shirye 100 da aka fi kallo a 2023, guda 93 wasannin NFL ne, babbar gasar ƙwallon Amurka. Wasa kai-tsaye ba ya ɗumamuwa, ba a ajiye shi sai gobe, ba a tsallake tallansa. Su ma kamfanonin intanet sun gane haka. A wannan shekarar YouTube ya karɓe ƙunshin wasannin Lahadi daga hannun kamfanin talabijin na tauraron ɗan'adam DirecTV, wanda ke riƙe da shi tun 1994, a kan kusan dala biliyan 2 duk shekara.

Tashoshin labarai ma sun yi tasu girgizar, ko da yake dalilinta daban. Fox News ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 ranar 18 ga Afrilu don kashe ƙarar ɓata suna, kwana shida bayan haka ta rabu da Tucker Carlson, wanda ya fi kowa masu kallo a tashar. A ranar ce CNN ta sallami Don Lemon, kafin ta sallami shugabanta Chris Licht a watan Yuni.

Marubuta sun koma aiki ranar 27 ga Satumba bayan kwana 148, 'yan wasa ranar 9 ga Nuwamba bayan kwana 118. Kuma ba hannu rabbana suka koma ba. An ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka: uku ga zango mai kashi 6 ko ƙasa, biyar ga mai 7 zuwa 12, shida ga wanda ya wuce haka. An rubuta cewa na'ura ba marubuciya ba ce, ba za a sa sunanta ba, ba kuma za a tilasta wa kowa amfani da ita ba. Sai an nemi izinin ɗan wasa an biya shi kafin a yi amfani da surarsa ta kwamfuta. An sa ƙarin lada ga shirin da kashi 20 cikin ɗari na masu rajistar manhaja a cikin ƙasar suka kalla a kwana 90 na farko, ma'aunin da shirye-shirye ƙalilan ne ke iya haurawa. A Disamba Netflix ta buɗe littafinta a karon farko ta fitar da sa'o'in kallon shirye-shirye sama da 18,000.

Sai dai yarjejeniya tana faɗin nawa za a biya ka in an ɗauke ka, ba ta tilasta a ɗauke ka. Tashar FX, wadda ke ƙidayar sababbin wasannin kwaikwayo duk shekara, ta lissafa kusan 600 a 2022, sai 516 a 2023. Wasannin da aka saba gani a Satumba sun dawo tsakanin Janairu da Maris na 2024 da guntun zango: Law & Order kashi 13, NCIS kashi 10, Grey's Anatomy kashi 10. Young Sheldon da The Good Doctor da Station 19 duk sun dawo ne don yin bankwana. Guraben da ƙwallo da kacici-kacici suka shiga da sunan riƙon ƙwarya kuwa, da yawansu ba su tashi ba.

Bikin ba da kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin, wanda aka shirya yi ranar 18 ga Satumba, sai 15 ga Janairun 2024 aka samu yin sa. Manyan kyaututtuka uku suka tafi ga Succession na HBO, wanda ya riga ya ƙare tun watan Mayu, da The Bear da ake kallo a Hulu, da Beef na Netflix. Babu na tashar eriya a cikinsu, alhali Fox ce ke nuna bikin. Mutum miliyan 4.3 suka kalla, adadin da bikin bai taɓa faɗowa irinsa ba. A daidai wannan lokacin, a ABC da ESPN, Eagles na karawa da Buccaneers a wasan NFL na sili-ɗaya-ƙwale, mutum sama da miliyan 28 na gaban akwatunansu.